Idan kifin Nemo ya kamu da ciwo: A san cutar kafin a zuba magani

Duk wanda ke shiga manyan otal-otal da ofisoshi da wasu gidajen masu hali a Akra da Tema da Kumasi zai lura da wani ado da ke ƙara yawa a 'yan shekarun nan: tankin gilashi cike da ruwa, shuɗiyar fitila a sama, kifaye masu launi na kai-komo a ciki. Mu mutanen zango kiwo ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Mun san ragon layya, mun san tattabaru da kaji da zabi, wasunmu ma sun daɗe da shiga kiwon tarwaɗa a tankin siminti. Kiwon kifin teku a cikin falo kuwa sabon fage ne, kuma a cikinsa kifin da ya fi shiga ran mutane shi ne ɗan ƙaramin nan mai ruwan lemo da fararen ɗamara uku, wanda yara ke kira Nemo tun bayan fitowar fim ɗin Finding Nemo a shekarar 2003.

Sunan da Turawa suka ba shi na nufin kifin ɗan kama, saboda kwalliyar jikinsa da yadda yake rangaji in yana iyo. Irinsa sun kai wajen 30, kuma gidansu tekun Indiya ne da na Fasifik da Bahar Maliya. Tekunmu na Atlantika babu shi, masuntan Jamestown da Chorkor ba su taɓa jawo shi a koma ba. Ke nan duk wanda ka gani a nan baƙo ne, shi ko iyayensa sun zo a jirgin sama cikin ledar ruwa, bayan doguwar tafiya a cunkushe da wasu kifayen. Wahalar wannan tafiya ce ke buɗe wa cuta ƙofa.

Aikina ke nan, kula da irin waɗannan tankuna a gidaje da ofisoshi. Yawancin kiran gaggawa da nake samu a kan wannan kifi ne, kuma maganar kusan iri ɗaya ce: "Malam, ya yi fari-fari, ya ƙi cin abinci, wane magani zan saya?" Amsata ba ta sauyawa: kada a sayi komai tukuna. Akwai cututtuka uku da ke sa jikin kifin nan ya yi fari, maganin biyu daga cikinsu ba ya taɓa ta ukun, kuma in aka zuba shi a babban tanki sai ya kashe sauran halittun da ke ciki. Hausawa suka ce kama da wane ba ta wane.

Abin da ba ciwo ba ne

Kafin a ɗaga hankali, yana da kyau a san halin kifin. Nemo ba gwanin iyo ba ne. Yana tafiya yana tangaɗi, yakan zaɓi kusurwa ɗaya ya lafe a nan yini guda, da dare kuma wani ya kwanta a gefensa a kan yashi ko ya yi lamo kusa da saman ruwa, har ka rantse ya mutu. Da gari ya waye ka ga ya fito yana neman abinci. Wannan duk lafiya ce.

In suna biyu, za ka ga ƙaramin yana karkarwa a gaban babban kamar mai farfaɗiya. Ita ma ba cuta ba ce, biyayya ce. Ikon Allah, babbar cikinsu ita ce mace, kuma ita ke mulki. In ta mutu, namijin da ya fi girma sai ya rikiɗe ya zama mace ya ɗauki matsayinta. Baƙaƙen ɗigo da kan fito masa in yana goga jikinsa a murjani mai harbi su ma ba abin tsoro ba ne. Haka nan wani farin tsiro da kan fito a bakin fiffike kamar ɗan guntun auduga ko kan farin kabeji, in dai kifin na cin abinci yana numfashi daidai, yawanci ƙwayar bairos ce da babu maganinta a kwalba, kuma takan tafi da kanta in ruwa da abinci sun gyaru.

Alamu biyu ne ba na wasa da su: kifin da ya ƙi abinci, da kifin da numfashinsa ya yi sauri. Nemo mai lafiya haɗamamme ne. Numfashin kuma ana gane shi a marfin da ke gefen kansa, abin da muke kira kunnen kifi. Ka ƙirga sau nawa yake buɗewa a cikin daƙiƙa 15, ka gwada da na wani mai lafiya a tanki ɗaya. In bambancin ya fito fili, to lokaci ya fara ƙurewa.

Ruwa tukuna

Ko da alamun sun bayyana, abin da nake fara dubawa ruwa ne, don sau da yawa kifin ba shi da wata ƙwayar cuta, mazauninsa ne ya lalace. Abu huɗu nake aunawa.

Na farko amoniya, gubar da ke fitowa daga kashin kifi da ragowar abinci. A tanki mai lafiya ma'auni sifili zai nuna, domin akwai ƙananan halittu a jikin duwatsu da matatar ruwa da ke cinye ta. A sabon tanki, ko wanda aka wanke matatarsa da ruwan famfo, waɗannan halittu ba su nan, sai amoniya ta taru ta ƙona kunnen kifi. Na biyu gishiri. Ruwan teku na da kimanin giram 35 na gishiri a kowace lita, ma'aunin zai nuna wajen 1.025. A zafin Akra ruwa na ƙafewa da sauri, gishiri kuwa ba ya bin tururi, yana nan. Wanda ke cike gurbin da ruwan gishiri yana ƙara wa tankin ɗaci ne kullum ba tare da ya sani ba. Da tataccen ruwan daɗi ake cikewa. Na uku tsamin ruwa, wanda ya kamata ya tsaya tsakanin 8.1 da 8.4. Na huɗu zafi: digiri 24 zuwa 27 shi ne daidai.

Wannan na huɗun shi ne matsalarmu ta gida. Littattafan da aka rubuta a Turai hankalinsu na kan na'urar ɗumama ruwa, mu kuwa daga Fabrairu zuwa Afrilu neman yadda za mu sanyaya muke yi. Ruwa in ya yi ɗumi iskar oksijin da ke cikinsa na raguwa, ga shi dama ruwan gishiri bai kai ruwan daɗi riƙe iska ba. Sai kuma a ɗauke wuta, famfo ya tsaya. Wanda ya yi kiwon kifi a shekarun dumsor, musamman 2015, ba sai an yi masa bayani ba. Ƙaramar fanka da ke hura saman ruwa da famfon iska mai batir sun ceci kifaye fiye da kowace kwalbar magani da na sani.

Ina kuma tambayar mutanen gida: an fesa maganin sauro a ɗakin? An kunna na hayaƙi kusa da tankin? Wani ya tsoma hannu da man shafawa ko turare ko sabulu? Maganin sauro guba ne mai ƙarfi ga kifi, kaɗan ya isa. In duk kifayen tanki suka shiga haki a lokaci ɗaya, cikin awa ɗaya ko biyu, zargina kan ruwa yake zuwa, kuma maganin shi ne a canza wani kaso na ruwan da sabon haɗi, a ƙara iska.

Sabon haɗin kuma da gishirin da aka yi musamman don tankin kifin teku ake yinsa. Gishirin miya ba ya yi, ko da na Ada ne, saboda babu sauran sinadaran da ruwan teku ke ɗauke da su a ma'aunin da ya dace. Ɗebo ruwa a bakin teku a Akra kuma, inda tafkin Korle da magudanan gari ke zuba, kawo wa kai sabuwar matsala ne.

Fari uku, cuta uku

In ruwa ya fita daga zargi, sai in kashe fitilar ɗaki in haska kifin da tocila daga gefe. A nan ake rarrabe su.

Ta farko ita ce ciwon ɗigo-ɗigo, wanda masana ke kira Cryptocaryon irritans. Za ka ga ɗigo farare, kowanne a ware, kamar an barbaɗa masa gishiri, har kana iya ƙirga su. Kifin na goga jikinsa a dutse, amma da farko yana cin abinci. Wannan cuta mayaudariya ce. Bayan kwana uku zuwa bakwai ɗigon su ɓace, mai kifi ya ce alhamdulillahi ya warke. Alhali ƙwayar ta cika cikinta ne ta faɗa ƙasan tanki, ta lulluɓe kanta a cikin ƙwanso tana rarrabuwa, daga baya ɗaruruwa su fashe su fito neman kifi. Ta fi sauran biyun ba da lokaci, amma zagaye na biyu da na uku kan fi na farko muni.

Ta biyu ita ce ciwon ƙura, Amyloodinium ocellatum. Ɗigonta ƙanana ne ƙwarai, ba su ƙirguwa, sai ka ga jikin kifin kamar an busa masa hoda ko ƙurar hunturu. Takan fara da kunne, shi ya sa wani lokaci haki kawai za ka gani kafin komai ya fito a fata. Kifin na gudun haske, yana tsayawa a gaban famfo inda ruwa ke bugowa. Tana iya share tanki guda cikin kwanaki kaɗan.

Ta uku ita ce wadda har ake yi mata laƙabi da cutar kifin Nemo, saboda yadda ta fi kama shi: Brooklynella hostilis. Masana biyu, Lom da Nigrelli, su suka fara bayyana ta a 1970 daga kifayen gidan ajiyar kifi na birnin New York da ke unguwar Brooklyn, daga nan ta samo sunanta. Ita ba ɗigo take yi ba. Fatar kifin ce ke dusashewa, wani farin yauƙi mai kauri ya lulluɓe shi, yawanci daga kai da gadon baya, sannan ya fara saɓulewa yana reto kamar zare. Launinsa ya koɗe, ya daina ci, ya koma saman ruwa ko ya kwanta a ƙasa yana haki. Tana hayayyafa a jikin kifin kai tsaye ta hanyar rabuwa biyu, ba ta buƙatar sauka ƙasa, shi ya sa take da sauri. Kwana ɗaya ko biyu sun ishe ta. An fi ganinta a kifin da aka kamo daga teku kuma bai daɗe da isowa ba.

Ga inda gizo ke saƙar: maganin jan ƙarfe, shuɗin ruwan nan da masu sayar da kifi suka fi miƙo wa mutane, yana kashe ta farko da ta biyu. Ta uku kuwa ba a dogara da shi a kanta.

Tankin Hajiya

Wata Hajiya a Madina na da tanki mai cin lita 200 a falonta, da Nemo biyu, mace da namiji, da suka shekara biyu lafiya lau. Akwai jatan lande biyu a ciki, da furen teku, wato halittar nan mai kama da fure mai yatsu masu harbi, wadda Nemo ke kwanciya a cikinta ba ta cutar da shi. Ɗanta ya kawo wa yaran gidan tsarabar Nemo na uku, babba, kyakkyawa, aka kwance leda aka juye shi kai tsaye. Dama ƙara na uku a kan ma'aurata neman faɗa ne, don macen ba ta yarda da baƙo. A kwana na uku baƙon ya yi fari. A na huɗu da asuba aka tsince shi a mace, macen gidan kuma ta ƙi karin kumallo.

Jikanta ya turo mini bidiyo ta WhatsApp, sannan ta karɓi wayar.

"Ɗana, wanda ya sayar da kifin ya aiko da wata kwalba, ya ce a zuba murfi biyu a ruwan. In zuba?"

"Hajiya, don Allah a ajiye kwalbar nan, kada ko ɗigo ya shiga. Ga ni nan tafe. A sa yaro ya wanke bokiti biyu sababbi da ruwa zalla, ban da sabulu."

Da na haska ta, babu ɗigo ko ɗaya. Yauƙi ne fari a bayan kanta, ya fara ɗagowa, numfashinta ya ninka na namijin. Na auna ruwa, komai daidai. Sabon kifi daga teku, mutuwa cikin kwana huɗu, yauƙi mai saɓulewa: alamu sun haɗu a kan Brooklynella. Tabbaci na ƙarshe sai an kankaro yauƙin an duba a madubin likita, amma kifin da ke haki ba ya jiran wannan. Kwalbar kuwa jan ƙarfe ce. Da an zuba, da jatan lande da furen teku sun mutu, da duwatsun sun shanye maganin suna sakinsa a hankali wata da watanni, cutar kuma tana nan daram. Garin neman gira a rasa ido.

Matakin farko shi ne wankan ruwan daɗi. Na cika bokiti da tataccen ruwa marar kulorin, na daidaita zafinsa da na tankin, na ɗaga tsaminsa da ɗan bekin soda ina aunawa har ya kusa da na tankin, na saka famfon iska.

"Kifin teku a ruwan daɗi? Ba kashe ta za ka yi ba, ɗana?"

"Minti biyar ne kawai, Hajiya. Ita za ta iya jurewa, abin da ke jikinta ne ba zai iya ba."

Dalilin shi ne waɗannan ƙwayoyin cuta ƙananan halittu ne marasa kariya, jikinsu cike da gishiri. In suka shiga ruwan daɗi sai ruwan ya kutsa cikinsu, su kumbura su saki fatar kifi. Kifi kan kwanta a gefensa a minti na farko, wannan ba abin tsoro ba ne. In ya fara zabura yana bugun bokiti, ko numfashinsa ya nemi tsayawa, sai a cire shi nan take. Wankan ba ya warkarwa, sauƙi yake kawowa, ya buɗe kunne, ya saya maka sa'o'i. Yana kuma tona asirin wata cutar: in tsutsar fata ce, za ka ga wasu farare kamar ƙwayar riɗi sun zubo a gindin bokiti. A na Hajiya babu su.

Maganin gaske shi ne fomalin, ruwan nan da ake adana gawa da shi a asibiti, mai ƙarfin kashi 37 cikin 100. Ma'aunin da nake bi a zafin ƙasarmu shi ne mililita 1.5 a lita 10 na ruwan gishiri, na tsawon minti 45. Da sirinji ake aunawa, ba da murfin kwalba ba. Fomalin na cinye iskar ruwa, don haka famfon iska na aiki a bokitin tun kafin a saka kifi har a cire shi, kuma mutum ba ya matsawa daga wurin. A waje ake yi ko kusa da taga, da safar hannu, yara su yi nisa, domin guba ne ga mutum, shaƙarsa ma illa ce. In ka ga farin gari ya kwanta a gindin kwalbar, ta lalace, kada a yi amfani da ita. Kifin da ke da buɗaɗɗen rauni ja kuma ba a saka shi a fomalin.

Na yi wa macen, na yi wa namijin ma duk da bai nuna alama ba, tunda ruwa ɗaya suka sha. Daga wankan ba su koma babban tanki ba, sai wani ƙarami mai lita 40 da na zo da shi: babu yashi, babu dutse, sai guntayen bututun roba don su sami wurin ɓuya, da famfon iska, da sabon haɗin ruwa. Na nuna wa jikan yadda zai auna amoniya safe da yamma, ya canza ruwa da zarar ma'auni ya motsa, don a irin wannan ƙaramin tanki amoniya kan riga cutar kisa. Muka maimaita wankan fomalin duk bayan kwana uku, har sau huɗu gaba ɗaya. A rana ta huɗu macen ta karɓi abinci. Kafin mako biyu launinta ya dawo.

Abin da ya fi wa gidan wuya shi ne na ƙarshe: babban tankin ya zauna mako shida babu kifi ko ɗaya. Jatan lande da furen teku suna nan, ana ciyar da su, famfo na aiki, amma ban da kifi. Cutar ba ta rayuwa sai da kifi, in ta rasa shi yunwa ta kashe ta. Baƙi su shigo falo su ga tanki fayau su tambaya, Hajiya ta ce masu gidan suna asibiti.

In ɗaya daga cikin sauran biyun ce

Da ɗigo-ɗigo ko ƙura na gani, da kwalbar jan ƙarfen ta yi amfani, amma a ƙaramin tankin jinya kaɗai. Jan ƙarfe guba ne da ake auna shi daidai inda zai kashe cuta ya bar kifi, kuma tazarar da ke tsakanin biyun siririya ce. In ya yi ƙasa bai yi komai ba, in ya yi sama ya kashe. Kowane kamfani da ma'auninsa, don haka a bi abin da ke jikin kwalbar, a kuma sayi abin auna jan ƙarfe a ruwa tare da ita. Wanda ba shi da abin aunawa kada ya fara. Ana riƙe ma'aunin ba tare da ya sauka ba, yawanci har kwana 30, domin maganin ba ya taɓa ƙwayar da ke cikin fata ko cikin ƙwanso, sai wadda ta fito tana iyo. Kada a haɗa shi da ruwan da ake zubawa don ɗaure amoniya, haɗin na ƙara masa dafi.

Ga ɗigo-ɗigo akwai hanyar da ba ta buƙatar magani, sai haƙuri da bokitai. Duk bayan kwana uku, kafin awa 72 ta cika, a ɗauke kifin a mayar da shi wani mazubi mai sabon ruwa da kayan aiki daban, a wanke na farkon a shanya shi ya bushe ƙayau. Sau huɗu ake yi. Ƙwayar na faɗowa daga jikin kifi, kafin ta ƙyanƙyashe an bar ta a baya. Wannan dabara ba ta isa ga ciwon ƙura ko Brooklynella. Babban tankin kuma a nan ya fi daɗewa babu kifi, don an samu ƙwanson da ya kai kwana 72 kafin ya fashe, shi ya sa masu kiwo da yawa ke jiran kwana 76.

Wani abin mamaki, kulorokwin da muka sha muka yi ta ƙaiƙayi a zamanin da shi ne maganin zazzaɓin cizon sauro, yana cikin magungunan ciwon ƙura a kifi. Sai dai garinsa zalla ake amfani da shi a ma'auni, ba ƙwayar kemis da aka haɗa da wasu abubuwa ba. In kuma kifin na ci amma yana ramewa, kashinsa fari dogo kamar zare, to matsalar a hanji take, kuma maganin tsutsa ake cuɗawa a abinci.

Tafarnuwa fa? Ana yawan tambayata. Takan sa wani kifin ya karɓi abinci, iyakarta ke nan. Ba ta kashe ko ɗaya daga cikin cututtukan nan.

Ƙofar da cuta ke shigowa

Kusan duk tankin da na ga cuta ta ɓarke a cikinsa, in ka bi sawu za ka tarar da sabon kifi da aka juye kai tsaye. Rigakafin kuwa ba shi da tsada. Ƙaramin tankin nan na lita 40 shi ne masaukin baƙi: duk sabon kifi ya zauna a ciki mako huɗu zuwa shida ana kallonsa. Mun ga killacewa da idonmu lokacin korona a 2020, ba sai an fassara mana ba. Ragar kamun kifi da bokiti da tiyo na masaukin baƙi daban, na babban tanki daban, don ɗigon ruwa ɗaya na iya ɗauko cuta.

Wajen saye kuma, ka tsaya ka kalli kifin minti goma. Ka ce a ba shi abinci a gabanka. Ka duba sauran da ke tanki ɗaya da shi, in akwai mai haki ko matacce, ka haƙura da na ranar. Ka tambayi yaushe ya iso, wanda ya sauka jiya bai gama nuna abin da ya zo da shi ba. Sannan ka tambaya ko haifaffen gona ne ko kamun teku. Tun shekarun 1970 ake kiwata Nemo a gonakin kifi, kuma haifaffen gona ya saba da tanki da abincin gwangwani, ya fi zuwa da tsabta. Kamun teku ya bi hannu da yawa, a wasu yankunan Indonesiya da Filifin ma an san masu kama kifin ado da gubar sayanaid, wadda ke sumar da kifi ta kuma lalata murjani. In na gonar ya fi tsada kaɗan, ka tuna araha ba ta ado.

Nemo da aka kula da shi na wuce shekara 10 a tanki, wasu ma su kai 20. Wanda ya saye shi don yara su yi murna ya san cewa ya ɗauki nauyi mai tsawo. Tattabara in ka ƙi ba ta hatsi ta tashi ta nema, akuya ta tsinke igiya. Kifin da ke cikin gilashi ba shi da inda za shi, iskar da zai shaƙa ma sai ka kunna masa. Malamanmu sun sha jan kunnenmu da labarin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ba. Duk dabbar da mutum ya killace amana ce a wuyansa, komai ƙanƙantarta.

Saboda haka kafin ka sayi kifi, ka tanadi ma'aunin gishiri, da na amoniya, da famfon iska mai batir, da ƙaramin tanki na biyu. Ran da ka ga ya yi fari, ka auna ruwa, ka ƙirga numfashi, ka haska tocila ka duba ko ɗigo ne, ko ƙura, ko yauƙi. Ka ɗauki bidiyo mai kyau ka nuna wa wanda ya san aikin ko likitan dabbobi. Bayan nan ne ake maganar kwalba, kuma ko a lokacin, ba a babban tanki ba. Allah Ya ba mu ikon riƙe amana.